"Much more beautiful" ko "very more beautiful"? Masu Turanci ku taimaka

Kwalliya_da_Lalle:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masu Turanci a gidan nan. Sana'ata kwalliyar amare da lalle, kuma yawancin masu nemana a Instagram suke ganin aikina, don haka wani lokaci nakan rubuta 'yan kalmomi da Turanci a ƙarƙashin hoto. Inda nake tsayawa shi ne idan ina so in ce amarya ta ƙara kyau ƙwarai, ba ɗan kaɗan ba. A shafukan abokan sana'a na ga kala uku: wata ta rubuta "very more beautiful", wata "more prettier", wata kuma "much more beautiful". Duk ukun babu wanda ya ce musu uffan. Wanne ne daidai? Don Allah a haɗa min da dalili, yadda gobe zan iya gina tawa jimlar ba sai na sake tambaya ba.

Malam_Nahawu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na ukun ne daidai, biyun farko duk kuskure ne, amma kowanne da irin nasa.

Turanci yana da hanya biyu ta nuna cewa wani ya fi wani a wata sifa. Idan kalmar gajera ce sai a liƙa mata "-er" a ƙarshe: "tall" ta koma "taller", "cute" ta koma "cuter". Haka ma mai gaɓa biyu da ta ƙare da "y": "pretty" ta koma "prettier", "lovely" ta koma "lovelier". Idan kuma kalmar doguwa ce, ba a taɓa jikinta, sai a sa "more" a gabanta: "more beautiful", "more attractive", "more elegant". Hanya ɗaya ake ɗauka, ba a haɗa biyun. Wadda ta rubuta "more prettier" ta yi kamar mai sa hula a kan hula, domin "-er" ɗin ya riga ya gama aikin da "more" ta zo yi.

Shi kuwa "very", aikinsa ƙarfafa sifa ne tun ba a kwatanta ta da komai ba: "very beautiful", "very pretty". Da zarar kwatance ya shigo, sai ya ba wasu kalmomi wuri: "much", "far", "a lot". Sai ki ce "much prettier", "far more beautiful", "a lot more attractive". Idan fifikon kaɗan ne kuma, "a bit", "a little" ko "slightly".

Sadauki_Fagge:
Malam ya gama magana. A rufe zaure.

UmmuKhairat:
Ba a rufe ba tukuna, Sadauki. Ni abin da nake so in gane, me ya sa mu Hausawa kuskuren "very more" ɗin nan yake bin mu? Ɗalibaina na aji uku na ƙaramar sakandare, in na gyara yau, jibi sai in sake ganinsa a littafinsu.

Malam_Nahawu:
Malama, daga Hausa yake tasowa, kuma ba laifin yaran ba ne. Mu kalma ɗaya ce ke mana aikin biyu. Muna cewa "tana da kyau sosai", muna kuma cewa "ta fi ta kyau sosai". Yaro ya haddace cewa "sosai" ita ce "very", to duk inda ya ji "sosai" a ransa sai ya ajiye "very". Abin da nake yi wa nawa ɗaliban shi ne in ce musu su saurari jimlar da Hausa tukuna: in akwai "fi" a ciki, to "sosai" ɗin nan "much" ce.

UmmuKhairat:
Wannan dabarar ta "fi" zan gwada ta ranar Litinin in sha Allahu. Allah Ya ƙara basira.

DanDamagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu da muka yi boko da Faransanci wannan dokar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ana cewa "très belle", amma ba a cewa "très plus belle", sai dai "beaucoup plus belle" ko "bien plus belle". Kuma "plus meilleur" kuskure ne irin na "more better" sak, malamanmu na firamare sun sha jan kunne a kai. Da na fara koyon Turanci sai na ɗora "very" a kan "très", "much" a kan "beaucoup", shi ke nan ban sha wahala ba.

Almajirin_Sibawaihi:
Larabci ma haka. "Jamila" mai kyau, "ajmal" wadda ta fi kyau. In za a ƙarfafa sai a ce "ajmal bi kathir". Ana iya cewa "akthar jamalan", amma babu mai cewa "akthar ajmal". Ga dukkan alamu harsuna da dama ba sa son a maimaita alamar fifiko sau biyu.

Bature_Baki:
Ni fa ban yarda a riƙa cewa "more prettier" kuskure ne kai tsaye ba. Shakespeare da kansa ya rubuta irinsa. A wasan Julius Caesar akwai inda Antony yake cewa "the most unkindest cut of all", a The Tempest kuma akwai "more better". In mutumin da ake ɗauka gwarzon adabin Ingilishi ya haɗa biyun, wane ne zai ce wa 'yar'uwarmu mai kwalliya ta yi laifi? Masu nahawu ne suka zo daga baya suka hana, irin su Robert Lowth da ya fitar da littafin nahawunsa a 1762. Kafin su, mutane suna faɗin abinsu.

Malam_Nahawu:
Tarihin da ka kawo gaskiya ne, ɗan'uwa, ban musa ko ɗaya ba. Amma Shakespeare ya rasu tun 1616. Hajiya ba mutanen wancan zamanin take rubuta wa ba, matan Abuja da Legas da Kaduna take rubuta wa, waɗanda za su duba shafinta su yanke shawarar ko za su ba ta aikin bikin 'yarsu. Kuma yaron da ya rubuta "more prettier" a jarrabawar WAEC ko NECO, mai maki zai ja masa jan layi, ba zai tambaye shi ko ya karanta Shakespeare ba.

Bature_Baki:
Na yarda da zancen jarrabawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake raina wanda ya faɗa, kamar bai da hankali. Har yau a wasu karuruwan Ingilishi a Ingila da Amurka ana jin irin wannan a bakin 'yan asalin harshen. A ce "ba shi ne daidaitaccen Turanci ba", wannan adalci ne. A ce "jahilci ne", wannan zalunci ne.

UmmuKhairat:
A nan ina tare da kai. Yaron da aka yi wa dariya a aji saboda Turanci, da wuya ya sake ɗaga hannu har ƙarshen zango. Na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Maman_Ilham_Birmingham:
Ku bar ni in shigo, domin akwai abin da ya fi nahawun muhimmanci ga mai tambaya, kuma ban ga wanda ya taɓo shi ba.

'Yar'uwa, "much more beautiful" daidai ne a nahawu, amma ki yi hattara da inda za ki sa shi. Idan kika ɗora hoton amarya kafin kwalliya da bayan kwalliya, kika rubuta "she looks much more beautiful now", abin da mai jin Turanci zai fahimta shi ne da can ba ta da wani kyau, ke ce kika ceto ta. Kin yabi hannunki, kin rage mata daraja, a gaban dangin mijinta da ƙawayenta kuwa. Kuma duk yadda kika ƙara ƙarfin kalmar, haka ciwon ke ƙaruwa. "Far more beautiful" ya fi zafi, domin kin nuna tazarar da ke tsakanin fuskarta ta asali da ta kwalliya mai nisa ce.

Kalmar da kike nema ita ce "even". "She looks even more beautiful." Ma'anarta da ma kyakkyawa ce, sai ta ƙara. Ƙaramar kalma ce amma ita ke ɗauke da ladabin maganar gaba ɗaya. A nan inda nake, idan mace ta yi sabon gyaran gashi ko ta sa sabon kaya, masu iya magana "even" suke sawa, ko kuma su bar kwatancen kwata-kwata su ce "you look lovely". Na taɓa halartar walimar da wata baƙuwa ta ce wa amarya "you look so much better today", da kyakkyawar niyya wallahi, amma fuskar amaryar nan ta canza nan take, har aka tashi ba ta sake sakin jiki ba.

Kwalliya_da_Lalle:
Anti Maman Ilham, Allah Ya saka da alheri. Wannan shi ne abin da ban san ina buƙata ba. Ke nan "even more beautiful" kamar mu ce "kyau kan kyau" ne?

Maman_Ilham_Birmingham:
Haka ne ƙanwata, ko "da ma ga kyau, sai kwalliya ta ƙara fito da shi". Kuma da gajerun kalmomi ma yana tafiya: "even prettier", "even lovelier".

DanDamagaram:
"Encore plus belle" ke nan a wurinmu. Ma'ana ɗaya, ladabi ɗaya.

Injiniya_Tudunwada:
Tambaya ta gefe. Ina yawan ji a bidiyoyin 'yan Amurka suna cewa "way prettier", "way more handsome". Shi ma daidai ne ko na titi ne?

Maman_Ilham_Birmingham:
Daidai ne a hira, ya fi yawa a bakin Amurkawa, amma matasan nan ma sun ɗauka. A Instagram babu laifi. A takardar neman aiki ko rubutun jarrabawar Turanci ta IELTS kada ka kusance shi, ka sa "far" ko "much" ko "considerably".

Gaskiya_Daya:
Ni duk wannan wahalar ban ga dalilinta ba. Amarya Bahaushiya, mai kwalliya Bahaushiya, masu kallo Hausawa. Me ya hana a rubuta "Masha Allah, amarya ta yi kyau"? Muna da "ta fi ta nesa ba kusa ba", muna da "ba a haɗa su", muna da "son kowa ƙin wanda ya rasa". Wane "much more" ne zai kamo ƙafar waɗannan? Mun mayar da Turanci ma'aunin wayewa, har mai sayar da turaren wuta sai ta rubuta tallarta da harshen da rabin masu sayenta ba sa ji.

Kwalliya_da_Lalle:
Yaya Gaskiya, ina rubuta Hausa, kuma ita ta fi yawa a shafina. Amma ina samun amare Yarbawa da Ibira da Nufawa a nan Kaduna, wasu ma daga Abuja ake kirana. In ban sa Turanci ba sai su ɗauka ba na yi wa kowa aiki sai Hausawa. Neman halali ne, ba ƙyamar harshena ba.

Gaskiya_Daya:
To na fahimta, Allah Ya ba da kasuwa. Amma ki riƙa sa Hausar a sama, Turancin a ƙasa.

Oga_Sabongari:
In don Yarbawa da Inyamurai ne, Burokin ma ya isa: "she fine pass before". Ku lura da wani abu, "pass" ɗin nan aikin "fi" ɗinmu take yi daidai wa daida. "Ta fi ta kyau", "she fine pass am". Aikatau ne a duka biyun, ba ɗafi a jikin sifa ba. In za a ƙarfafa sai a ce "well well". Shi ya sa Buroki bai taɓa ba Bahaushe wahala a wannan wurin ba, Turancin makaranta ne ke ba shi.

Malam_Nahawu:
Oga, wannan lura ce mai kyau ƙwarai. Harsunan Afirka ta Yamma da yawa da kalmar "wuce" ko "fi" suke kwatance. Amma ka ga "she fine pass before" ma ya faɗa ramin da Maman Ilham ta nuna.

Lauya_Mai_Jiran_Kira:
Malam, ina da ɗan gyara a bayaninka na farko, da girmamawa. Ka ce "very" ba ya shiga kwatance. Yana shiga, in dai "much" na tsakani: "very much prettier", "very much more beautiful". Nahawu ya yarda da shi, sai dai yana da ƙamshin tsohon rubutu, ba kasafai ake jinsa a hira ba. Sannan a matakin ƙoli, wato inda abu ya fi duka, ana cewa "the very best", "the very prettiest". Kada wani ya gani a littafi ya ce marubucin ya yi kuskure.

Malam_Nahawu:
Haka yake, Barista. A "very much prettier" ɗin, "very" tana ƙarfafa "much" ne, ita kuma "much" ta ƙarfafa "prettier". Abin da ba ya yiwuwa shi ne "very" ta zauna kai tsaye a gaban "more" ko a gaban sifa mai "-er". Tun da ka kawo matakin ƙoli, a ƙara da "by far": "by far the most beautiful", wato ta fi kowa, kuma da tazara.

Hajiya_Babba_Gwale:
'Ya'yana, ina karanta ku tun ɗazu. Ni ba Turanci na sani sosai ba, amma ina da jan hankali. Duk wannan "ta fi", "ta fi nesa ba kusa ba", in a kan mutum ɗaya ne, jiya da yau, da sauƙi. In aka fara haɗa mace da mace, wannan ta fi waccan, to an buɗe ƙofar da ba a iya rufewa. Gidaje nawa ne suka rikice saboda dangin miji sun ce amarya ta fi uwargida kyau? Yanzu kuma an samu waya, ana rubutawa a ƙarƙashin hoto duniya na gani. Akwai hadisi a Bukhari da ya hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana kallonta. Ku koyi Turancinku, amma ku san wa kuke aunawa da wa.

UmmuKhairat:
Gaskiya ne Hajiya, Allah Ya ƙara girma. Ko a aji na daina ba da misali da sunayen ɗalibai. Da littafi yakan sa a ce wance ta fi wance tsawo ko kyau, sai yara su mayar da shi abin tsokana a filin wasa. Yanzu da garuruwa da furanni da motoci nake misali.

Dr_Fata_Lafiya:
Tun da Hajiya Babba ta buɗe wannan babin, bari in ƙara da kalma ɗaya da ke damuna: "fairer". A tsohon Turanci "fair" tana nufin kyakkyawa, tana kuma nufin mai hasken fata. A Turancinmu na Najeriya ma'ana ta biyun ce ta zauna. Sai ka ga tallar man shafawa an rubuta "much fairer in two weeks", yarinya ta karanta ta ɗauka fari shi ne kyau. Ko kamfanin Unilever sai da ya sauya sunan mansa daga Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely a 2020 saboda sukar da ya sha a kan wannan. Ina ganin matan da man bilicin ya ƙona wa fuska da gwiwar hannu, wasu fatar ta yi sirara har ciwo ba ya saurin warkewa. Masu kwalliya don Allah kada ku rubuta "fairer" a matsayin yabo.

Kwalliya_da_Lalle:
Likita, ni ko hoda ba na sa wa amarya wadda ta fi fatarta haske, ko da ita ta roƙa. Nakan zaunar da ita in nuna mata a madubi yadda wuya da fuska za su rabu a hoto.

Sadauki_Fagge:
To mu maza fa? Duk an tare a kan "beautiful". Ango in ya sha babbar riga da hula me za a ce, "handsomer" ko "more handsome"?

Malam_Nahawu:
Duka biyun suna cikin ƙamus, amma yau "more handsome" aka fi ji. Don haka "much more handsome", "even more handsome". Kada dai ka ce wa namiji "prettier", domin yakan zo da ma'anar zolaya.

Maman_Ilham_Birmingham:
Kuma akasin haka, in ka ji an ce wa mace "a handsome woman" ba zagi ba ne. Yawanci babbar mace ake nufi mai kwarjini da kamala.

Zee_Collections:
Ni tambayata kan "gorgeous" da "stunning" ce, su na fi amfani da su a tallar atamfa da leshi. Wata ta ce min "very gorgeous" ba daidai ba ne. To "much more gorgeous" fa?

Lauya_Mai_Jiran_Kira:
Waɗannan kalmomin sun riga sun kai maƙura da kansu, shi ya sa "very" ba ta zama da su da daɗi. Abokiyar tafiyarsu "absolutely" ce: "absolutely gorgeous", "absolutely stunning". A kwatance kuwa "even more gorgeous" ya fi kwanciya a kunne, saboda ba za ki ce abu ya kai maƙura ba sai in na farkon ma ya kai wani matsayi.

Bature_Baki:
Barista, ni na sha jin "much more stunning" kuma ban ji ya yi min karo a kunne ba. Ina ganin wannan zaɓi ne, ba doka ba.

Lauya_Mai_Jiran_Kira:
Ban ce doka ba ce, cewa na yi ya fi kwanciya.

UmmuKhairat:
A taimaka a tuna wa masu rubutu: "than" ce ke bin kwatance, ba "then" ba. Wannan ya fi "very more" yawa a Facebook.

Injiniya_Tudunwada:
Mu dawo kan tambayar farko. In na fahimta, Hajiya mai kwalliya tana da zaɓi biyu masu kyau a nahawu, "much more beautiful" da "even more beautiful", amma na biyun ne ba ya taɓa mutuncin amarya. To yaushe ke nan ake amfani da "much more" ba tare da an ɓata wa kowa ba?

Maman_Ilham_Birmingham:
Idan abin da ake kwatantawa ba mutum ba ne. "This colour is much more flattering", "the gold lace is far more elegant than the silver". Ki soki kala, ki soki yadi, ki soki ɗaurin ɗankwali, babu wanda zai ji ciwo. Fuskar mutum ce ba a yi wa haka.

Gaskiya_Daya:
Ni har yanzu ina ganin "even" ɗin ma kwatance ne. Kin dai ce yau ta fi jiya. Wata amaryar ko hakan ba za ta so ba.

Malam_Nahawu:
Akwai gaskiya a nan. Wanda ke son kauce wa kwatancen gaba ɗaya yana iya cewa "as beautiful as ever", wato kyanta na nan yadda aka san shi. Sai dai mai kwalliya tana son a ga aikinta ya ƙara wani abu, in ba haka ba me za ta tallata?

Zee_Collections:
Wata kuma: "much better-looking" ko "much more good-looking"? Ina da tallar shaddar maza da zan ɗora da yamma.

Malam_Nahawu:
Na farkon nake koyarwa, domin "good" ba ta karɓar "more", "better" take komawa.

Lauya_Mai_Jiran_Kira:
Malam, a nan ma zan ɗan saɓa. In aka ɗauki "good-looking" a matsayin kalma ɗaya mai gaɓa uku, "more good-looking" na da hujja, kuma ana faɗinsa. Na yarda "better-looking" ya fi yawa. Amma Zee, in shaddar kike yabo ba mai sanye da ita ba, duka biyun ba su dace ba, don an fi faɗin "good-looking" a kan mutum. Ki ce "much richer" ko "far more elegant", ya danganta da ko kalar kike nufi ko ɗinkin.

Zee_Collections:
Ɗinkin nake nufi, aikin wuyan ne ya bambanta su. Bari in turo hotunan biyu ku gani.